Rayuwar Alhaji Alhassan Ɗantata, Attajirin Kano (1877–1955)

'Yan'uwa, duk wanda ya haura shekara sittin a Dakko, ko Bakura, ko Maradun, zai tuna zamanin da gyaɗa da auduga su ne kuɗin ƙasar nan. Da kaka ta yi sai a ɗora buhuna bisa jakuna zuwa wurin sikeli, daga nan manyan motoci su kwasa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Gusau ko ta Ƙauran Namoda, inda dogo ya iso a 1929. Da kuɗin gyaɗa aka biya haraji, da shi aka yi aure, da shi kuma aka sayi keken farko a ƙauyuka da yawa. A cikin dukan Arewa kuwa babu sunan da ya haɗu da wannan ciniki kamar na Alhaji Alhassan Ɗantata, mutumin Kano, wanda sa'ad da ya rasu a 1955 ake lissafta shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Yaran yau sun san sunan a jikin motoci da allunan kamfanoni. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa Tata sunan wata tsohuwar baiwa ce.

An haifi Alhassan a 1877 a Bebeji, kudu da birnin Kano. Iyayensa Agalawa ne, wato zuriyar mutanen da suka gangaro daga wajen Azbin tun da daɗewa, suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano, suka rikiɗa Hausawa, suka kuma riƙi fatauci a matsayin gādo. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi kowa riƙe hanyar Gwanja, inda ake sayo goro. Mu mutanen Zamfara muna da rabo cikin wannan tarihi, gama babban mazaunin Kambarin Barebari shi ne Gummi, ayarin Kano kuma yakan ratsa ƙasar nan ya nufi Jega kafin ya ƙetare Kwara. Kakan Alhassan, Baba Talatin, daga Katsina ya taso ya zauna a Madobi. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne, shi ya koma Bebeji da iyalinsa. Mahaifiyarsa kuma, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai hannu da shuni.

Yaron da aka haifa a irin wannan gida ya kamata a ce hanya ta buɗe masa tun daga goyo. Amma Madugu Abdullahi ya rasu Alhassan yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka. Da aka raba gādo tsakanin magada, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Amarya kuwa ta tattara kayanta ta koma Ankara, a ƙasar da ake kira Gana yau, inda Hausawa suke da zango. Ta bar 'ya'yanta a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Ita ta ci da shi, ta tufasar da shi, ta sa shi makarantar allo, har mutanen gari suka daina kiransa da sunan ubansa madugu, suka koma kiransa ɗan Tata. Bai taɓa neman a sauya masa wannan suna ba, ko da ya zama mutumin da sarakuna da Turawa ke miƙe wa hannu. A ganina wannan shi ne abu na farko da ya kamata a sani game da halinsa, domin a ƙasarmu mutum in ya sami dukiya, sau da yawa abin da yake fara yi shi ne gyara asalinsa.

Ana ba da labari cewa Tata ce ta koya masa ajiya. Yana almajiranci yana 'yan ƙananan ayyuka da talla, abin da ya samu kuma sai ya raba, ya ci wani ya jefa wani cikin asusu. A lokacin wuri ne kuɗi, sai an tara dubbai kafin a sayi riga. Da ya zama saurayi ya bi ayari har Ankara domin ya ga mahaifiyarsa, da fatan zai zauna cikin daula a wurinta. Ita kuwa ta miƙa shi ga wani malami ya ci gaba da karatu, ya kuma nemi abincinsa da kansa kamar sauran almajirai. Bayan wani lokaci ya komo Bebeji. Wannan tafiya ba ta ba shi kuɗi ba, amma ta nuna masa bakin teku, da jiragen ruwa, da kantunan Turawa, abubuwan da yawancin tsaransa na ƙasar Kano ba su taɓa gani ba.

Sa'an nan yaƙin Basasa ya auko. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi kuwa suka ƙi, suka fita birni suka yi sansani a Takai ƙarƙashin Yusufu. Yusufu ya rasu yaƙi bai ƙare ba, Aliyu Babba ya karɓi jagora, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, saboda haka da aka ci nasu da yaƙi aka washe garuruwansu, aka kama mutanensu. Alhassan da 'yan'uwansa suna cikin waɗanda aka kama, sai da aka biya fansa suka kuɓuta daga bauta. Wanda baiwa ta rena, ga shi shi ma ya leƙa bakin wannan rami ya dawo.

Bayan yaƙi ya shiga fatauci sosai. Ya kyautu mu tsaya kaɗan a kan cinikin goro, gama a nan ya koyi duk abin da ya yi amfani da shi daga baya. Ayari yakan tashi daga ƙasar Kano da kanwa, da turkuɗi, da baƙin saƙi, da jan fata, da albasa busasshiya, bisa jakuna da takarkarai da kawunan 'yan alaro. Tafiya ce ta watanni, ta Bargu, da Sansanin Mango, da Yandi, har Salaga ko kasuwannin da suka gaje ta. Kowane sarki a hanya yana da abin da za a ba shi, kowane kogi yana da kuɗin fito, a daji kuma ga mahara. A komowa kayan da aka ɗauko ya fi na zuwa wuyar riƙo, domin goro abu ne mai rai. Sai an naɗe shi da ganye cikin huhu, a riƙa kwancewa ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ƙwaro ya shiga kafin ya ɓata sauran. Falke mai sakaci yakan iso Kano da rabin jarinsa a ruɓe. Har wa yau yawancin kayan ayari na bashi ne: wani attajiri ya ba da su a Kano, ba takarda ba shaida sai sanin juna, ba kuwa zai sake ganin mai ɗauke da su ba sai bayan shekara. Wanda ya ci amana sau ɗaya ya gama fatauci, shi da 'ya'yansa, domin labari yakan riga shi isa kowane zango.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Tsohuwar hanyar Gwanja ta kasu tsakanin Ingilishi da Faransa da Jamus, kowa da iyakarsa da kuɗin fitonsa. Fatake da yawa suka ci gaba da bin sawun iyayensu suna gunaguni. Alhassan kuwa ya tuna da abin da ya gani a Ankara. Wajen 1906 ya fara bin hanyar kudu: ya sayi goro a Kumasi, a kai shi bakin teku a Sekondi ko Ankara, a ɗora a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a hauro da shi Arewa. Yana cikin 'yan Arewa na farko da suka yi haka. Ya haɗa da duwatsun wuya da murjani da yadin Turawa, ya riƙa juya jarinsa sau da dama a cikin lokacin da ayarin ƙasa ke yin tafiya guda.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. Turawan mulki da masu masaƙun Lankasha a Ingila sun sa rai auduga ce za ta cika taragai. Manoman Kano suka yi nasu lissafi dabam. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada, ga ta da cin aiki, ba a kuma cinta in yunwa ta zo. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, ana shuka ta tsakanin gero, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, in kasuwa ta ƙi a yi mai da ƙuliƙuli. A daidai wannan lokaci masana'antun Turai sun gano hanyar daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi, suna neman gyaɗa ido rufe. Abin da Nijeriya ta fitar bai kai tan 2,000 ba a 1911, amma a 1913 ya haura tan 19,000, har buhuna suka toshe hanyoyin tashar Kano.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli da jirgi, amma ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausar kasuwa, manomi kuma bai yarda da su ba. Dole suka nemi fataken goro, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo, waɗanda suke da yara a kowace kasuwa. Alhassan ya riga ya dawo birni ya gina gida a Sarari, wajen Koki, wurin da a lokacin fili ne. A 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Ya shigo a makare bisa ga sauran, amma zuwa 1922 ya wuce su duka. Kamfanin Neja ya shiga hannun Lever a 1920, a 1929 kuma aka haɗe shi da wani aka kafa UAC, Ɗantata ya zama babban mai saya musu a ƙasar Kano.

Yadda ya yi aikin ba wani asiri ba ne. Kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, wato wakilansa, waɗansu dangi, waɗansu barorin gida, waɗansu kuwa mutane ne kawai da ya jarraba ya ga gaskiyarsu. Su kuma su rarraba wa na ƙasa da su, har kuɗin ya kai hannun mai awo a kasuwar ƙauyen da Bature bai taɓa jin sunanta ba. Da kaka sai gyaɗa ta biyo wannan hanya ta komo, a kan jakuna da raƙuma, daga baya a motoci. Yakan fara ba yaro jari kaɗan, in ya dawo da shi cif ya ƙara masa, in ya daɗe yana riƙon gaskiya ya yi masa aure, ya ba shi gida, ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Shi kansa yakan zauna da malaman lissafinsa kullum a bi kuɗi har kwabo. Da damina, sa'ad da babu gyaɗa, waɗannan yara ba su zauna banza ba, suna cinikin goro da shanu da yadi da hatsi da jarinsa. Dukan ginin nan a kan amana ya tsaya, irin wadda ya koya a hanyar Gwanja. Mu da muke kafa ƙungiyoyin adashi da na taimakon juna a garuruwanmu, da kundin doka da hatimi da sa hannun mutum uku, su kuma watse kafin shekara biyu, muna da abin dubawa a nan.

Sai dai kada mu ba da labarin daga gefen mai sikeli kaɗai, gama yawancinmu 'ya'yan masu kawo buhu ne. Abin da ya kori manomi zuwa gyaɗa ba riba ce kawai ba, har da haraji, wanda Turawa suka ce sai da kuɗinsu na ƙarfe za a biya. Farashi kuma a Liverpool da sauran kasuwannin Turai ake yanke shi. Tun ciniki yana sabo yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta hallaka mutane da yawa a ƙasar Kano. Da kasuwar duniya ta faɗi daga 1929, kuɗin gyaɗa ya zube, haraji kuwa bai sauka daidai da shi ba. Manomin da rumbunsa ya ƙare da damina yakan karɓi kuɗi a kan gyaɗar da ba ta nuna ba, da kaka ya biya da buhun da ya fi abin da ya karɓa daraja nesa. A tsakanin manomi da jirgin ruwa hannuwa da yawa suna gutsura, mafi girman loma kuwa ta kamfanonin Turai ce. Ɗantata bai ƙirƙiro wannan tsari ba, ba shi kuma da ikon rushe shi. Amma a cikinsa ya yi arziki, kuma wanda zai yaba wa attajiri ya kamata ya tuna da wanda ya yi noman.

Da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, labarin da ya shahara shi ne cewa Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. A lokacin yawancin attajirai a tukwane suke binne kuɗi cikin ɗaka. Da sunansa kuma ake haɗa dalar gyaɗa, wato tsarin jera buhuna a kan faffaɗan gindi ana tsukewa har ƙololuwa, dala ɗaya takan ci buhu wajen 15,000. Baƙi sun ɗauki hotonta, aka buga a kan takardun gaisuwa a matsayin alamar arzikin Arewa. Gaskiyar magana kuwa ita ce dalar ta yawaita ne domin jirgin ƙasa ya kāsa kwashe amfanin shekara kafin na wata ya iso, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har ƙwari suka riƙa cin rabonsu.

Alhassan Musulmi ne mai riƙo da addininsa. A farkon shekarun 1920 ya tafi aikin hajji ta jirgin ruwa daga Ikko, ya biya ta Ingila, a zamanin da talakan Arewa ke tafiya Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya, wani ma ba ya komowa. Bayan ya dawo ya riƙa biya wa waɗansu kuɗin tafiya. Kowace babbar Salla yakan sa a yanka shanu masu yawa a raba wa matalauta, ƙofar gidansa kuma ba ta rabuwa da malamai da almajirai da masu neman taimako. Shi kansa an san shi da sauƙin ci da sauƙin tufafi, ba ya son ɓarna ko ta ƙwayar hatsi. Mutane sukan yi mamakin yadda hannu ɗaya yake damƙe kwabo ya kuma saki shanu. Ni ban ga saɓani a ciki ba, gama wanda ya yi bara da ƙoƙo yana yaro ya san darajar kwabo, ya kuma san zafin yunwa.

A shekarunsa na ƙarshe al'amuran gari suka jawo shi. A wancan zamani mulkin birnin Kano yana hannun Sarki da majalisarsa da En'e, ƙarƙashin idon Razdan, kujerun majalisa kuwa na masu sarauta ne da manyan malamai. Attajiri, kome dukiyarsa, talaka ne a idon fada, sai ya tuɓe takalmi ya faɗi ya yi gaisuwa. Da iskar canji ta fara kaɗawa, aka kafa NEPU a 1950 tana kukan talakawa, sai aka ga wajibi ne a buɗe ƙofa kaɗan, aka sa Ɗantata cikin majalisar Sarki domin a ji muryar 'yan kasuwa. A siyasa ya karkata wajen NPC, jam'iyyar sarakuna, ba mai neman a kife tsari ba ne. Abin da ya fi damunsa shi ne yadda Turawa da Kwarori suka riƙe manyan hanyoyin ciniki, ɗan ƙasa kuwa ya tsaya a matsayin yaro. Tun lokacin yaƙi gwamnati ta karɓe sayar da gyaɗa waje, a 1949 ta kafa hukumar cinikin gyaɗa, ita ke yanke farashi, ita ke ba da lasin saye, lasin kuwa kusan duka na baƙi ne. A farkon shekarun 1950 Ɗantata ya sami nasa, ya riƙa sayar wa hukuma kai tsaye bayan shekara talatin da 'yan kai yana saya wa wani.

Ya kuma gane cewa ƙasar da ke fitar da auduga ta sayo yadi ba za ta daina zama baran wasu ba. Kano da ta tufasar da rabin Sudan ta Yamma da saƙinta a ƙarni na 19, ga ta tana sayen akoko daga Manchester. A 1949 ya ba da kadarar da ta haura fam 10,000 domin kafa kamfanin 'yan kasuwar Kano, wanda ya yi niyyar gina masaƙar zamani ta farko ta 'yan ƙasa a Arewa. Masaƙar ƙarama ce, ba ta kai girman waɗanda aka gina a Kaduna daga 1957 ba, amma ita ce ta nuna cewa kuɗin fatauci yana iya zama injin. Ya shiga aikin gine-gine kuma, yana karɓar kwangila daga En'e.

Da ciwo ya kwantar da shi a 1955, ya tara 'ya'yansa da babban mai riƙe masa lissafi. Ya san abin da ya sami dukiyar mahaifinsa, ya kuma ga gidajen attajiran Kano da yawa da suka watse da zarar an raba gādo. Saboda haka ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bari kamfanin Alhassan Ɗantata da 'Ya'yansa ya tarwatse, su riƙe zumunci, su kuma ci gaba da kula da mutanen da suka yi masa aiki. Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955, yana da shekara 78, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Gyaɗar da ta ɗaukaka shi ba ta daɗe ƙwarai a bayansa ba. Man fetur ya janye hankalin gwamnati, farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki, a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da ya rage, dala ta ɓace daga Kano, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Gidan kuwa ya tsaya, domin 'ya'yan sun riga sun bazu cikin wasu sana'o'i. Ahmadu ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960. Mamuda ya yi suna wajen jigilar alhazai. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya ci gaba da gyaɗa da shanu da sufuri. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya kai gidan cikin gine-gine da masana'antu, ya rasu a watan Yuni na 2025, aka binne shi a Madina. Ɗiyar Sanusi, Hajiya Mariya, ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, shekara biyu bayan rasuwar Alhassan. A 1977 ya fara cinikinsa da jarin da dangin mahaifiyarsa suka ba shi bashi, ya kuwa biya.